Sallau da Shafukan Tungar Bube

Duk wanda ya san Malam Sallau a Talata Mafara ya san shi da baƙar jakar nan da yake ratayawa a kafaɗa, ko da cefane zai je kasuwa. Kwamfuta ce a ciki. Ya yi shekaru yana aikin malamin gona a filayen noman rani na Bakalori, yana bin bakin kanal da takalmin roba, yana faɗa da manoma a kan wanda ya buɗe ruwa ba ranarsa ba. Da ya kusa ajiye aiki aka tura su wani ɗan kwas a Gusau, aka koya musu kunna kwamfuta da kashe ta da buga wasiƙa, aka ba kowa takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe. Sallau ya sa aka yi wa tasa gilashi ya rataye a falo. Bayan nan ya sayi kwamfutar hannu wadda wani ya gaji da ita, ya haɗa da firinta mai ƙara kamar keken ɗinki. Tun daga lokacin unguwa ta koma kiransa Injiniya. Ya san akwai tsokana a ciki, amma bai taɓa hana kowa ba.

Asalinsa ba mutumin Mafara ba ne. An haife shi a Tungar Bube, wani ƙauye a ƙasar Maradun wanda ruwan dam ya shanye tun yana saurayi. Mutanen garin sun watse, wasu Bakura, wasu Mafara, wasu sun tsaya nan kusa da Maradun. Amma kowace shekara bayan Babbar Salla sukan taru a ƙofar gidan Liman Jibrin, wanda mahaifinsa ne limamin garin na ƙarshe, a ci abinci, a yi wa mamata addu'a, a ga 'ya'yan juna.

A taron wata shekara Liman ya dubi tabarmar dattawa ya ga ta ragu ƙwarai. Ya ce, "Jama'a, waɗanda sunka san Tungar Bube da idonsu suna ƙarewa. Ɗiyanmu ko inda masallaci yake ba su sani ba. Da za a samu mai rubuta abin da munka tuna, a yi ɗan littahi, da an yi aikin lada."

Sallau ya ji idanu suna juyowa wajen jakarsa ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya gyara zama ya ɗora jakar a cinya.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga ai ba aiki ba ne ga na'ura. In dai an ba ni labari, bugawa da haɗawa yini guda ya isa."

Aka yi ta sa masa albarka. Har ya hau babur ya kama hanyar Mafara albarkar tana yi masa daɗi a kunne.

Tattara labarin ya ci damina guda da rabin rani. Mafi yawansa daga bakin yayarsa Nagode ya fito, wadda ke zaune a Bakura tun da mijinta ya rasu. Idonta ya yi rauni, amma ƙwaƙwalwarta ba ta zubar da ko tsinke ba. Ta san gidan da ke bin kowane gida, ta san wanda ya gina rijiyar bakin masallaci da wanda ya faɗa cikinta. Takan faɗa, Sallau ya rubuta, ya karanta mata, ta ce ba haka ta ce ba. In ya dawo gida sai ya zauna ya buga da yatsa biyu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Haruffa masu ƙugiya kuwa ba su a kan madannan, sai ya shiga wani lungu na manhajar ya ɗauko su ɗaya-ɗaya. Duk da haka ya gama. Rubutun ya tashi shafi goma sha shida, na ƙarshen kuwa nasa ne shi kaɗai: hotonsa da babbar riga, da tarihin marubuci, har da kwas ɗin Gusau.

Sauran a mai da shi littafi. Nan Sallau ya yi tunani, kuma a ganinsa tunanin ya yi kyau. Ya kwantar da takardar a kwance, ya raba ta biyu, ya sa shafi na ɗaya a hagu, na biyu a dama. A bayanta na uku da na huɗu. Takarda ta gaba, biyar da shida, haka har ƙarshe. Tun da aka halicci ƙidaya daga ɗaya sai biyu, wa ya taɓa jin an yi wani abu daban? Ya gwada sa lambar shafi, lambar ta je ta zauna a tsakiya, daidai inda za a naɗe. Ya yi fama ta ƙi matsawa, sai ya goge ta. Littafin da bai kai kaurin waina ba, me zai yi da lamba?

Wata ranar Asabar da hantsi aka kawo wuta bayan an daɗe ba a gan ta ba. Matarsa Maimunatu ta leƙo ta ce, "Malam, in za ka yi ka yi, ka san halinta." Sallau ya jona firinta, ya buga fuskar farko ta kwafi sittin gaba ɗaya, ya juya takardun ya buga bayansu. Zuciyarsa ta ɗan raɗa masa cewa ya fara gwada guda ɗaya tukuna. Ya ba ta amsa cewa gwaji na masu shakka ne. Bango kuwa tuni ya buga shi daban a kan koriyar takarda mai kauri. Suka baje a tabarma, shi yana jera takardu huɗu-huɗu a cikin juna yana naɗewa, ita tana ɗinke tsakiya da zare da basilla, rediyo na yi musu hira. Ita idonta na kan basilla. Shi idonsa na kan bango, inda aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Babu wanda ya buɗe ciki.

Saura mako biyu taro, sai ya ga ya kamata Yaya ta fara jin littafin kafin kowa. Ya zuba 'yan kwafi a jaka ya hau babur sai Bakura. Shinkafa ta yi kore shar a gefen hanya inda ruwa ke kaiwa, inda ba ya kaiwa kuma kanal ya cika da ciyawa, amma ranar ko wannan bai ɓata masa rai ba.

Ya tarar da ita a inuwar zaure, tare da baƙo: Alhaji Magaji daga Dakko, ƙanen mijinta marigayi, tsohon magatakardan kotu, mutum mai murya kamar ana kiran kasuwa. Sallau ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Yaya, kun kwal lahiya?"

"Lahiya lau, Sallau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya ƙarhin jiki? Ya ido?"

"Da godiya. Ina Maimunatu da yara? Ina ka baro mutanen Mafara?"

Aka bi gida-gida har awaki, sannan ya juya ga Alhaji aka sake daga farko. Da gaisuwa ta lafa, ya zaro littafin ya ɗora mata a tafin hannu. Ta shafa bangon, ta kai shi kusa da fuska ta shinshina, ta ce, "To, karanta mu ji."

Sallau ya gyara murya ya buɗe. Ya san da Bisimilla da salati ya fara, amma abin da ya gani a saman shafin shi ne, "...da jakinsa da matarsa, ya sauka gindin wata tsamiya." Ya juya bangon ya duba ko wani shafi ya manne. Babu. Amma bakinsa bai tsaya ba. Ya jawo Bisimillar da salatin daga ka, ya ƙara da yadda kakansu Bube ya baro garinsu, ya haɗe da jakin.

Yaya ta ce, "Haka anka yi."

Ya ci gaba. Shafi biyu suka tafi lafiya. Ya kai inda ake ginin rijiya, mutane sun ɗaura wa mai gini igiya a ƙugu sun fara sassauta shi, ya juyo ido shafi na gaba sai ya ga ana sussukar gero. An bar bawan Allah a rataye a cikin rami. Sallau ya ƙaƙalo tari, ya fito da mai ginin daga rijiya da bakinsa, ya shiga sussuka.

Yaya ta karkata kai. "Ina labarin gobarar gidan Altine? Ba nan yake ba?"

"Yana gaba, Yaya."

"Ni dai na san bayan rijiya na hwaɗa ma shi."

"An ɗan gyara tsari ne. Haka littattahai suke yanzu."

Da haka zai yi ta lallaɓawa har ƙarshe, watakila ya tsira. Amma Alhaji Magaji ya gaji da sauraro. Ya miƙa hannu cikin jakar ya ɗauki kwafi, ya sa tabarau, ya ce, "An ce da auren Yaya da ɗan'uwana a ciki, wanda shi ne bikin ƙarshe a garin. Bari in karanta wurin da kaina, tunda ni ina cikin 'yan rakiya."

Ya lalubo wurin, ya miƙe wuya, ya saki muryar kotu.

"Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gari ya cika maƙil. Da la'asar sakaliya sai ga dangin ango sun iso daga Dakko tare da..." Ya lashi yatsa ya juya shafi. "...kuraye da diloli, suna shiga gida-gida suna shinshina tukwane, ba mai ce musu kanzil."

Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa a hankali. Kurayen suna nan.

Yaya ta ce, "Mi kac ce, Magaji?"

"Ba ni nac ce ba, Yaya. Injiniya ne. Ya ce mun zo da kuraye."

Abin da Sallau ya rubuta shi ne sun zo tare da raƙuma biyu ɗauke da gero. Kurayen kuwa na can gaba ne, lokacin da mutane suka fara tashi gari ya zama kango.

"Sallau," in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi masa tun yana yawo ba wando. "Mutanen da sunka riƙe ni shekara da shekaru, su ne ka haɗa da kuraye? A gaban ƙanensu?"

"Yaya, wallahi na'ura ce..."

"Na'urar ta san Dakko?"

Alhaji dai bai daina juya shafi ba. Kafaɗunsa sun fara rawa. Ya ce, "Tsaya, Yaya, da saura. Ga ruwa ya ci gari. Ga hoton Injiniya a tsakiyar littahi, shi kaɗai ya tsira, da babbar riga. To ga mu kuma mun koma gari ana ɗaure kaya. Ga raƙuman sun iso, sai yanzu! Ga gobarar Altine." Ya kai shafin ƙarshe ya ɗaga shi sama. "Bisimillahir Rahmanir Rahim. Alhamdu lillahi, an fara!"

Dariya ta ƙwace masa har tabarau ya faɗi a cinya. Yaya ta yi ƙoƙarin riƙe fushinta, ta ja gyale ta rufe baki, amma gyalen ma rawa yake. Sallau ya duba ƙasa ya ga ba ta da niyyar tsagewa, sai shi ma ya yi 'yar dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Da zai tafi ta ce, "Nawa ka buga irin wanga?"

"Sittin."

"To Allah ya so ka, kunne huɗu kaɗai sunka ji. Je ka gyara. Kuma in ka sake kawo min kuraye biki, kai da su za ku koma."

Hanyar Mafara ta yi masa tsawo ranar. Abin da ya fi cin ransa ba dariyar ba ce, rashin sanin inda ya kuskure ne. Ya sa ɗaya kusa da biyu. In ba biyu ba, me zai zauna kusa da ɗaya? A gida ya ba Maimunatu labari, yana sa ran jaje. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta huce ta ce ko za a ba mai ƙosai takardun, sai suka tuna da sunan Allah a ciki. Aka zuba su a kwali aka ɗora bisa kabad, inda Sallau ke ganinsu duk lokacin da ya kwanta rigingine.

Washegari ya nufi garin Kaya wajen abokinsa Malam Ayuba, mai koyar da lissafi a sakandaren garin. Tare suka yi firamare, kuma tun lokacin Ayuba bai taɓa cewa bai san abu ba. Ya karɓi littafin ya juya, ya yi dariyarsa shi ma, sannan ya haɗe fuska ya ce, "Wanga matsalar lissahi ce tsantsa. Ka bar min. Ran Asabar ina nan tahe."

Ya kuwa zo, da alli a aljihu. Ya sa aka fito da allon karatun yara aka jingina a falo, ya cika shi da haruffa da lambobi da kibiyoyi. Ya yi bayani mai tsawo, ya goge rabi, ya sake. A ƙarshe ya fito da tsarin da ya sa shafi na tara ya bayyana sau biyu, na shida kuma ya ɓace ɗungum.

Sallau ya gaji da gyaɗa kai. Hannunsa ya kai kan wani tsohon ɗan littafi a ƙarƙashin tebur, irin na koyar da zuba taki a shinkafa, wanda ya yi shekaru yana raba wa manoma. Ƙarfen da ya riƙe tsakiyarsa ya yi tsatsa. Yana ɗagawa takardar waje ta zame ta faɗo a buɗe. Ya sunkuya zai ɗauka sai ya tsaya. A dama shafi na ɗaya. A hagu, kafaɗa da kafaɗa da shi, shafi na ƙarshe. Ya juya bayanta: na biyu da na kusa da ƙarshe.

Ya ce, "Ayuba, aje allin nan ka zo."

Suka tsinke littafin takin gaba ɗaya suka baje a ƙasa. Sannan Sallau ya ɗauki fararen takardu huɗu, ya sa su cikin juna ya naɗe, ya bi su da biro yana rubuta lamba daga ɗaya har sha shida, ya warware. Sha shida da ɗaya. Biyu da sha biyar. Sha huɗu da uku. Sai can a tsakiya takwas da tara suka zauna kusa da juna kamar mutanen kirki.

Ayuba ya dube su ya ce, "Ka lura kowane biyu in ka haɗa sha bakwai suke ba da wa? Abin da nike shirin kaiwa ke nan."

"Na lura kana shiri," in ji Sallau. A ransa kuwa lissafin da yake yi daban ne: littafin takin nan ya ratsa hannunsa ya fi a ƙirga, ya tsaya gaban manoma yana kaɗa shi yana cewa su riƙa lura da abin da ke gabansu.

Sanin tsari daban, sa kwamfuta ta bi shi daban. Suka fara yanko shafi na sha shida su kai gaba. Da sun cire shi, sai rubutun baya ya gangaro ya cike gurbin. Su tura wannan, wancan ya malalo. Sallau ya ce wannan ai kanal ne, ka toshe nan ya ɓalle can, sai dai a kanal akwai wanda za ka yi wa tsawa. Aka yi azahar, aka ci tuwo, aka koma. Har suka kai inda su kansu ba su san wane shafi ne a ina ba, Liman na farko yana tsakiyar gobara.

Sallau ya rufe aikin ba tare da ya adana ba, ya buɗe na asali. Ya ce bari ya rage faɗin gefen takarda ko rubutun zai daina zuba. Ya shiga wurin saita shafi, linzamin kwamfutar ya zame masa ya taɓa wani ɗan akwati da bai taɓa buɗewa ba. Zaɓi suka zubo. A cikinsu akwai ɗaya da in ka taɓa shi sai hoton takarda ya fito a naɗe biyu.

Ayuba ya matso da fuska ya karanta Turancin. Ya ce, "Cewa ya yi naɗin littahi."

"Tun yaushe yake nan?"

"Ina jin tun da anka ƙera ta."

Sallau ya danna. Shafukan suka tsuke, suka jeru a allo ɗaya, biyu, uku, kamar yadda kowa ke ƙidaya. Ya ce, "A'a. Haka na yi da farko, haka ta kai ni ga kuraye." Ayuba ya ce a gwada guda dai. Wannan karon Sallau bai ce gwaji na masu shakka ba ne. Firinta ta yi ƙararta, takarda ta fito, ga shafin farko a dama, na ƙarshe a hagu. Ashe ita a allo takan bar mutum da ƙidayarsa, sai wajen bugawa ta yi tata. Lambar shafi ma da ya sa, kowace ta je ta zauna a ƙasan shafinta ba gardama.

Suka dubi allon yara da ke jingine cike da kibiyoyi. Ayuba ya tashi ya goge shi da hannun riga, ya ce ba sai an ba kowa wannan labari ba.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. A sabon tsarin rubutun ya ɗan kumbura ya zama shafi goma sha bakwai, na'urar kuwa ta ƙara takarda ta biyar, shafi uku fari fat. Nan suka gane cewa tunda kowace takarda shafi huɗu take ɗauka, littafi huɗu-huɗu yake tafiya, ko ka cika ko ta cika maka da fari. Takardar da ta rage a gidan ba za ta ɗauki biyar-biyar ba. Ayuba ya ce a ƙanƙanta rubutu. Sallau ya tuna idon Yaya da na Liman ya ce a'a. To a cire wani abu. Gobarar Altine? Jikokinta za su zo taro. Rijiya? Bikin Yaya? Wannan ko a mafarki.

Sallau ya gangara shafin ƙarshe. Ga shi nan da babbar riga, ya dafa kwamfuta da hannu ɗaya, yana kallon nesa. Ya karanta tarihin marubucin tun daga firamare har Gusau. Jiya-jiya shafin nan ya fi kowane yi masa kyau.

Ayuba ya ce, "Hoton dai ya yi."

"Ya yi," in ji Sallau, ya shafe shi. Littafi ya koma sha shida cif.

Saura buga baya. Ayuba ya rantse cewa kan takarda ake juyawa ya koma ƙasa. Aka bi tasa, baya ya fito a kife, mai karatu sai ya riƙa juya littafi kamar sitiyari. Aka bi ta Sallau, baya ya hau kan gaba, rubutu bisa rubutu. Sai suka yi wa takarda ɗaya alama da fensir a kusurwa, suka bi ta da ido tun shigarta har fitarta, a karo na uku ta fito daidai. Maimunatu ta ɗinke wannan guda ɗaya. Sallau ya zaunar da su biyun ya karanta musu shi da ƙarfi tun daga Bisimilla har addu'ar rufewa, yana tsayawa a ƙarshen kowane shafi kamar mai tsallaka kwalbati. Sannan ya buga sauran.

Ranar taro a Maradun aka raba littafin bayan an ci abinci. Sallau ya zauna a gefen tabarma yana jiran wani ya lura da yadda shafi ke bin shafi ba tuntuɓe. Ba wanda ya lura. Kowa ya buɗe yana neman gidansu. Wata tsohuwa ta sa jikarta ta karanta mata sunan mahaifinta sau uku, tana share ido da bakin zane. Wasu dattawa biyu suka kama gardama a kan tsamiyar Bube, ɗaya ya ce gabas da masallaci take, ɗaya ya ce littafi ya yi daidai, arewa ce. Aka aika wajen mata a tambayi Nagode, ta aiko da cewa duk su biyun ba su san gabas ba.

Sallau ya ga in bai faɗa da kansa ba, ba mai tambaya. Ya matsa kusa da Liman ya buɗe kwafi a tsakiya, ya fara nuna masa yadda na ɗaya ke kwana da na sha shida. Liman ya saurara da haƙuri irin na malamai, yana cewa "Ikon Allah" a inda ya dace. Da Sallau ya numfasa, sai Liman ya sa hannu a aljihun riga ya fito da wasu 'yan takardu a cikin gafaka.

Ya ce, "Wasu addu'o'i ne da baitoci na mahaihina, da ajami. Almajiransa suna ta roƙo a buga. Tunda Allah ya hore maka wanga sani, ko za ka duba?"

Sallau ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe ta hagu yadda ya saba, ya tsinci kansa a tammat, ƙarshen rubutu. Liman ya miƙo yatsa a hankali ya juya masa su.

"Ta dama muke farawa, Malam Sallau."

Sallau ya tsaya da takardun a hannu, yana ƙoƙarin hango inda na ɗaya zai koma in littafi ya buɗe ta dama, da wanda zai kwana kusa da shi. Ya nemi Ayuba da ido, ya hango shi can wajen tulu ya ba da baya, yana shan ruwa da natsuwar da ba a san shi da ita ba.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni zuwa bayan girbin shinkafa. Kuma kwafi ɗaya zan fara kawowa, ku karanta da kanku."

Liman ya ce ba gaggawa. Ladan ya kira la'asar, Sallau ya sa gafakar a jaka, ya tashi neman buta.